Gwiwar da Kaka ta ɗaure

Ina tankaɗen garin gero a tsakar gida aka yi sallama a ƙofa. Wani mutumin Gidigir ne, dogo, sanye da tsohuwar rigar soja. Ya ce da Kaka yake son magana. Da ta fito, bai hau tabarmar da na shimfiɗa masa ba. Ya tsuguna a ƙasa, ya ce tare suke da Bukar a wani gari na bakin teku, ciwon ƙirji ya kama shi, ya kwanta bai tashi ba. Ya ce su da kansu suka yi masa wanka, suka sallace shi. Kaka ta yi salati. Can ta tambaye shi abu ɗaya.

"Ƙafarsa ta dama fa, ta warke?"

Mutumin ya ce shi bai taɓa ganin Bukar yana ɗingishi ba.

Bukar yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayenmu sun rasu ina ƙarama, Kaka Fanna, mahaifiyar babanmu, ita ta riƙe mu. A Gure muke, ƴan shekaru kafin babban yaƙin Nasara. Unguwarmu kuwa an san ta da ƴan kokawa. Mazanta tun suna yara suke ɗaukar kanwa a ka da baya zuwa inda ake labta wa raƙuma, shi ya sa wuyansu yake kauri, ƙafarsu ba ta gocewa a yashi. Wasu daga cikinsu kokawa ce ta zama sana'arsu. In an gama girbi sai su ɗaura walki, su bi kasuwanni, Gidigir, Bune, Alakos, har Damagaram, su dawo da riguna da tumaki da damman gero. Akwai Kiyari Mai Wuya, akwai Gambo Ɗan Baƙi, akwai babanmu a zamaninsa. Daga baya sai Bukar, wanda har lokacin da nake magana bayansa bai taɓa ƙasa ba. Da kokawarsa muke cin tuwo a gidanmu.

Kowane ɗan kokawa yana da takensa, kiɗan da yake nasa shi kaɗai. Na Bukar, Tanko makaɗi ne ya yi masa. Al'adar ita ce, makaɗi ba ya ganin ɗan kokawarsa ya shigo fili ya bar ganga shiru, shi kuma ɗan kokawa ba ya jin takensa ya tsaya kamar wani mutum daban. Sai ya miƙe, ya ɗaga hannu, ya amsa.

Da sanyi, bayan sallar isha'i, Kaka kan hura wuta da busasshiyar kaba a ƙofar ɗakinta, mu yaran gida da na maƙwabta mu kewaye ta. Tana da yadda take farawa. Sai ta ce, "Wata baƙuwa tana bakin ƙofa." Mu ce, "A buɗe mata." Muryarta a dushe take, ba ta ɗagawa, dole mu matso. In wani ya yi gyangyaɗi ta ɗan taɓa shi da sandar da take gyara wuta, ta ci gaba ba tare da ta dube shi ba. Bukar ya girmi zaman tatsuniya, amma in yana gari yakan zauna can baya yana shafa wa walkinsa mai. Tana ce masa maigidana, yana ce mata amarya, kamar yadda kaka da jika suke yi.

A shekarar da nake ba da labarinta, mai shela ya zaga gari ya ce kwamandan, Baturen da ke mulkin garin, yana son samari don aikin soja, kowace unguwa ta fito da nata samarin zuwa filin bariki, likita zai zaɓa. Kowa ya san inda idon likita zai fara sauka. Daren nan Kaka ta ce baƙuwa tana bakin ƙofa, muka ce a buɗe mata, amma ba mu take kallo ba.

Ta ce an yi wani gari a bakin tafkin kanwa. A ƙarƙashin tafkin akwai aljani mai neman masu ɗaukar masa kaya. Kowace shekara yakan fito da siffar tsoho mai sanda, ya zauna cikin ƴan kallo, ya jira a gama kokawa. Wanda ya kayar da kowa, shi yake bi har gida ya ce, taso ka kama mini kaya. Wanda ya tafi ba ya dawowa. Sai aka yi wani saurayi, Na-Iya, wanda ba a taɓa kayar da shi ba. Uwarsa ta gane tsohon, domin ta lura ƙafarsa ba ta barin sawu. Ta ce wa ɗanta, gobe ka faɗi. Ya ce wa zai kayar da ni? Ta ce wanda ya fi kowa rama. Washegari Na-Iya ya shiga fili, wani siririn yaro mai tari ya kama shi, ya saki jiki ya faɗi. Gari ya ɗauki dariya. Makaɗa suka daina takensa, ƴanmata suka sa shi a waƙa. Tsoho mai sanda ya dube shi a kwance, ya tofar da yawu, ya wuce. Na-Iya ya tsufa a gidan uwarsa, ya ga jikokinsa.

"Baƙuwa ta koma inda ta fito," in ji Kaka.

Yara suka ce wannan tatsuniya ba ta da daɗi. Ni ma na ce Na-Iya raggo ne. Sai Bukar ya yi magana daga baya.

"Amarya, tsohon nan da ya wuce, hannu wofi ya koma tafki?"

"Ni ban bi shi ba."

"Ai ba ya komawa haka. Wa ya ɗauka?"

"Wanda ya ɗauka ba jikana ba ne."

"Amma jikan wata ne."

Kaka ta tura itace cikin wuta. Ta ce, "Maigida, kai da ka iya tambaya, in ka tafi wa zai binne ni? Wannan ƴar mai majina?" Ni take nufi. Yara suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya daɗe yana kallon walkin da ke cinyarsa, sannan ya ce, "To, yaya kike so a yi?"

Mutane suna da dabarun kauce wa zaɓin likita. Wasu na shafa ruwan tumfafiya ya tayar musu da ƙuraje, wasu na kwana biyu ba ci. Kaka ta ce jiki irin na Bukar yunwar kwana biyu ba ta ɓoye shi. Ana gobe za a fita, ta ɗauko igiyar kaba ta ɗaure masa ƙasan gwiwar dama, ta ja har ya cije leɓe. Ni na riƙe mata fitila. Da asuba da ta kwance igiyar, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, ba ya iya taka ta sosai. Ta dafa kansa ta ce, "Ka bari su yi dariya. Dariya ba ta kashe kowa."

Mu mata muka tsaya nesa, ƙarƙashin gawo. Na ga Yaya ya shigo fili yana jan ƙafa, kansa a ƙasa. Na ji ana cewa, wannan ba Bukar ba ne? Me ya same shi? Likita da tafinta suna bin layi, suna duba haƙora da ƙirji. An sallami biyu da ke gabansa.

Abin da Kaka ba ta lissafa ba shi ne mai gari ya kawo makaɗa don girmama taro, kuma Tanko yana cikinsu. Ba wanda ya gaya masa komai, domin ta ce maganar kada ta fita gida. Ya hango Bukar a fili, hannunsa ya yi abin da ya saba.

Na ga bayan Yaya ya motsa tun kafin ya ɗaga kai. Ya yi kamar zai daure. Samarin unguwarmu suka fara kiran sunansa, kamar yadda suke yi a Bune da Gidigir. Sai ya miƙe. Ya taka ƙafar nan mai kumburi kamar ba abin da ya same ta, ya ɗaga hannu biyu, ya amsa. Likita ya bar wanda yake dubawa ya nufo shi.

Kaka ba ta yi kuka a wurin ba. Ta kama hannuna ta ce, "Mu je, ban sauke tukunya ba."

Ranar da za su tafi ya ce mata, "Amarya, ki yafe. Ƙafar ce ta ƙi ji." Ta ce, "Ai na san wanda na aura." An tafi da Gambo ma a wannan ɗiba. Bayan haka iyaye suka fara hana yara ɗaura walki, kokawa ta yi sanyi a unguwarmu. Kaka ta ci gaba da hura wuta, amma tsoho mai sanda bai sake zuwa bakin ƙofarta ba.

Na daɗe ina ɗauka cewa darasin tatsuniyar shi ne kunya ta fi rashi sauƙi, kuma Yaya ne bai gane ba. Sai da na haifi maza, na ga suna tsawo, na fahimci ya gane sarai. Ita ma ta san tambayarsa gaskiya ce. Ta san akwai wata tsohuwa a wata unguwa da za a ɗauke wa nata. Ta sani, ta ja igiyar duk da haka, kuma da ni ce, da na ja. Ban san ko hakan daidai ne ba. Abin da na sani, tatsuniyar ba don mu yara aka yi ta ba. Roƙo ne na mace da ba ta iya roƙo ba.

Bayan mutumin Gidigir ya kawo labari, Tanko ya zo gaisuwa. Ya tsufa, ya ajiye ganga tun shekarar da aka tafi da Yaya. Bai shiga ba, ya zauna a ƙofar gida har rana ta yi sanyi, sannan ya aika ni in ce yana neman gafara. Kaka ta fito ta tsaya a zaure.

"Iya, wallahi ban sani ba," in ji shi.

"Na san ba ka sani ba."

"To ki ce kin yafe mini."

Ta dube shi. Ta ce, "Tanko, yau bakina ba zai iya ba, kuma ba na son in yi maka ƙarya. Ka dawo bayan girbi."

Ta rasu gero yana fitar da kai. Tanko ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya. Amsar da ta ce ya dawo ya karɓa, ba ta ba shi ba.