Farar Fitilar Fumie

Shekara hamsin da biyu Sakuji ya yi yana haɗa fitilun takarda a garin Yame, amma bai taɓa gama ko ɗaya shi kaɗai ba. Shi ne zai kafa katako takwas masu lanƙwasa kamar haƙarƙari, ya naɗe su da siraran gora, ya shafa gam, ya liƙa takarda. Idan ta bushe sai matarsa Fumie ta zura siririn hannunta ta bakin fitilar, ta zaro katakon ɗaya bayan ɗaya.

"Kau da wannan tafin giwar naka, tsoho," haka take ce masa. "Je ka sha shayinka."

Fumie ta rasu a watannin sanyi. A lokacin masu saye sun ƙare, kowa ya koma fitilar roba mai batir. Wannan bai dami Sakuji ba kamar watan Agusta da ke tafe, watan Obon, bikin tarbar mamata. A bikin Obon na farko bayan rasuwa, ana rataya farar fitila a ƙofa don mamaci ya gane hanyar gida, daga baya a ƙona ta.

'Yarsa Kazue, wadda ke aiki a asibiti, ta shigo da wata mai batir cikin kwali.

"Baba, ga shi na hutar da kai."

"Wannan? Uwarki ta ga wannan ai wucewa za ta yi gidan maƙwabta."

"To ka yi, mu gani. Kofin shayi ma rawa yake a hannunka."

Ya yi. Aikin yini guda ya ci masa kwana tara. Takarda ta bushe fes, babu tattara ko ɗaya. Sai da ya ɗaga kai zai kira Fumie, sannan ya tuna.

Ya gwada da kansa. Yatsu huɗu suka shiga, sauran hannun ya ƙi.

"Kazue, zo ki ara min hannu."

"Baba, ban taɓa yi ba fa. Kai ka ce in yi boko, sana'ar ta mutu."

"Na faɗa. Zo dai."

Ta zura hannu. Katako na farko ya fito. Na biyu kuwa ana ɗan murza shi kafin a ja, abin da Fumie kaɗai ta sani, shi ma bai taɓa lura ba. Kazue ta ja shi ya fito, takardar ta yage tun daga baki har gindi. Saura kwana biyu biki.

Ranar da za a tarbi mamata, Kazue ta rataya ta kwalin, ta danna maɓalli. Sakuji ya jawo kujera bakin ƙofa, yagaggiyar fitilar a cinyarsa, katako shida na ciki.

"Shigo ka ci abinci, Baba."

"Bari in zauna. In ba ta gane fitilar ba, ko ta gane ni."

Bai sake kafa katako ba. Suna nan a ɗakin baya, shida a ciki, biyu a waje.