Wuta-wutar Indiya

Har yau ban manta da ranar da Malam Isiyaku na Ruwan Godiya ya shigo ofishina da laka a ƙafa ba. Lokacin ina malamin ba da shawara a wata sakandare a Faskari. Ku sababbi a wannan aiki ku sani, aikinmu ba ya ƙarewa da fitar sakamako. Mu ke zama da ɗalibi da iyayensa har a san inda zai dosa.

'Yarsa Nafisa ta samu tallafin karatun aikin gona, jami'o'i biyu suka ɗauke ta, ɗaya a Turai, ɗaya a Indiya. Ƙa'ida ita ce ta zaɓi ɗaya, uba ya sa hannu kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba gurbin ya koma hannun wani. Ita Indiya take so. Shugaban makarantarmu kuwa Turai ce ta ɗauke masa hankali, har ya fara tunanin allon talla da za a kafa a bakin ƙofar makaranta. Ya ce mini, "Malam Sani, ka lallashi tsohon nan, Turai ba wasa ba ce."

Tsoho kuwa ko ɗaya bai so. Na nuna masa hotunan Turai, gine-gine da dusar ƙanƙara. Ya duba ya ce, "Malam, mi su ke nomawa cikin wanga sanyi? Ɗiyata ta tahi ta koyo noman da ba mu yi? Ta zamna gida." Nafisa da ke zaune a gefe ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, don na san irin wahalar da yarinyar nan ta sha.

Sai na tuna da wani tsohon ɗalibina ɗan Ƙanƙara da ke karatu a waccan jami'a ta Indiya. Na kira shi ta bidiyo, na ce kada ya nuna mana aji ko ɗakin kwana, ya shiga gonar gwajinsu kawai. Sai ga dawa tsaye reras. Malam Isiyaku ya karɓe wayar daga hannuna, ya ce wa yaron ya matso da tasa ƙasa. A gindin wasu karare ga wani ɗan haki mai farin fure.

"Wuta-wuta ce! Tamu ja-ja, tasu fara. Su ma tana cin su?"

Yaron ya ce sosai ma, kuma a kunyoyin da ke gefe irin dawar da ke jure mata suke gwadawa. Tsohon ya miƙo mini wayar. Ciyawar nan ce ta cinye masa gonar gado har ya daina shuka dawa a cikinta. Ya juya ga 'yarsa ya ce, "Can za ki. Ki koyo mani maganinta." Ya dangwala yatsa a tawada da kansa.

Shugaba ya yi mako bai amsa gaisuwata da kyau ba, ni kuwa ko a jikina.

Abin da na koya shi ne, manomi ba ya jin sunan ƙasa, abin da ke cin gonarsa yake ji. Ku fara tambayar uba damuwarsa kafin ku buɗe masa hotuna.

Nafisa ta gama ta dawo. Kakar bara Malam Isiyaku ya zo har gidana a kan babur, ya sauke damin dawa a ƙofa. Na tambaye shi ta wace gona ce. Ya ce, "Ta gadon."