Hannun Malam Jumare

Na daɗe ina son sanin abin da ke fara tsufa a jikin mai aikin kwamfuta, ido ne, hannu ne, ko kai. Shi ya sa nake yawan zama a shagon Malam Jumare da ke Kwarbai, ina kallonsa kamar ba ni da aikin yi.

Da tafireta ya fara, a sakatariyar ƙaramar hukuma. Da ya yi ritaya 'yarsa Radiya ta buɗe shagon buga takardu, shi kuwa ya kame kujerar. Har a lokacin dukan kibod yake kamar ya kama ɓarawo. Ido ya ja baya, ya ƙara wa haruffa girma. In ya riƙe linzamin kwamfuta kibiyar da ke kan allon ta yi ta rawa, ya ce ita ce ba ta da kunya. Amma yatsu sai dai a ce masha Allah. In katin ɗaurin aure ne, a faɗi gida kawai, sunayen iyaye masu gayyata su zubo, babba kafin ƙarami, ko takarda ba ya dubawa.

Radiya ta sha roƙonsa ya huta, ya ce barin kujerar nan da kwanciya ciwo duk ɗaya ne a wurinsa. Suka yi yarjejeniya, ranar da kuskurensa ya fita gari zai sauka.

Sai aka kawo katin auren jikar Alhaji Ashiru, abokinsa tun makarantar allo, wanda ya rasu da damina. Ya buga, aka raba. Ga sunan Alhaji a sama, babu kalmar marigayi, har da lambar wayarsa don neman ƙarin bayani. Na nesa suka yi ta kira su taya shi murna, matarsa na ɗauka tana kuka.

Na kasa haƙuri na tambaye shi, "Malam, mantuwa ce?"

"Ina fa! Ni na yi masa wanka. Hannun ne ba wanda ya gaya masa."

Ya zauna zai gyara, ya ɗora yatsu a kan kibod, ya daɗe bai danna komai ba. Tausayinsa ya kama ni sosai. Can ya miƙe.

"Radiya, zo ki sa masa marigayin."

"Baba, kalma ɗaya ce fa."

"Na sani. Ba zan iya ba."

Ta zauna, ya tsaya a bayanta har ta gama. Bai sake karɓar kujerar ba.