Ƙullin Gashi a Ƙofar Kumandan

Har yau ban manta da safiyar da aka tsinci ƙullin gashi a ƙofar ɗakin kumandan ba. Zamanin Faransa ne, ina kuku a gidansa nan Dogon Dutsi, ni kaɗai ne mutumin Lugu, garin 'yan bori, cikin ma'aikata. Kun san yadda ake kallon mu: ko tari muka yi, sai a ce da iska muke magana.

Kafin nan Madam, matar kumandan, ta tsinto wata mussa, wato kyanwa, a kangon wani Bature da ya bar gari, mai gashi buya-buya irin na ƙasarsu, ta rame sai idanu. Ba ta yarda da kowa. Ka matso ta yi huci, ka miƙa hannu ta yage ka. Aka ɗora mini ciyar da ita, ni da ban ma son mussa.

Mai shara ne ya ga ƙullin, jiƙaƙƙe, tsawon ɗan yatsa. Da aka sake ganin wani, ma'aikata suka ƙi shiga gidan. Sarjan Maiguizo, shugaban gardawan da ke tsaro, ya kai magana biro, ofishin kumandan, cewa sammu ne, kuma an san mai yi. Kumandan bai yarda da sammu ba, amma ba ya son gidansa ya tsaya. Ta bakin tafinta ya ce in abin bai daina ba kafin ya dawo daga rangadin Tibiri, in tattara kayana. Wanda aka kora da sunan sihiri kuwa ba mai sake ɗaukarsa.

Ina kai wa mussar abinci wata rana na ji tana kakari, sai ga ƙullin ta amayo a gabana. Na ruga na kira Sarjan. Muka share ɗakin ajiya, muka kulle ta ciki, mabuɗi a hannunsa. Da ƙulli ya bayyana a ɗakin, na ce na tsira. Ya dube ni ya ce, "To mi anka yi? Ai ita ta kake aike."

Madam ta tambayo likitan dabbobi. Ya ce gashinta take haɗiya wajen lasar jiki. A riƙa taje ta, a ba ta ɗan man shanu. Wa zai taje wannan? Ni dai. Na naɗe hannu da buhu, na fara zama nesa da ita ba na kallonta. Na shafa man a bakin kwano. Sai da ta saba da zamana na taɓa bayanta da mataji, ta cije ni, na koma washegari. Kullum da safe sai na leƙa ƙofar kumandan.

Ya dawo ya tarar ƙofarsa fes, mussa kwance a kan ƙafata ina taje ta. Abincin rana kawai ya tambaya.

Aikina ya tsira. Amma na ji Sarjan yana gaya wa mai shara, "Ka gani? Shi ɗai taka yarda da shi." Daga ranar ba wanda ya sake sa hannu a kwanona. Abin da na koya ke nan, yara: a gidan aiki kana iya wanke kanka wurin maigida cikin mako, amma abokan aiki da suka riga suka yanke maka hukunci, hujjarka ma shaida ce a kanka.