Malam Zabeirou, Mai Ɗaure Ƙarafan Jirgin Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2008, Allah Ya karɓi ran ɗan'uwanmu Malam Zabeirou ɗan Gaya, a nan Greensboro, bayan gajeriyar jinyar hanta da ya ɓoye mana har sai da ta kwantar da shi.

Malam, a bakin kogi ka taso, ka ƙware a tashar jiragen Kwatano, ka zo nan kana gyaran ƙananan jiragen ruwa a wani gareji a Summerfield. Kai ka fahimtar da mu cewa ƙarfe iri biyu in suka daɗe a ruwa, musamman na gishiri, ɗaya yakan cinye ɗaya. Shi ya sa kake bin kowane ƙarfe da koriyar waya, ka haɗe su da dunƙulen tutiya, don cin ya ƙare a kan tutiyar.

Ba zan manta da Longji ba, maƙwabcinmu ɗan Filato. Ya sayo tsohon jirgi daga bakin teku, ya shirya kai iyalinsa tafkin Townsend. Ka leƙa ƙasan jirgin, ka kankare bakin bututun da ruwa ke shiga inji. Tagullar bututun ta koma ja, tana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli.

"Yallaɓai, yau ba inda za ku," in ji ka.

"Haba Malam, yara sun riga sun sa kaya!"

"Su yi kuka a tudu."

Ya yi fushi, bai ko yi maka sallama ba. Washegari ka dawo da kayan aikinka ba tare da an kira ka ba. Da ka ja bututun, sai ya ɓalle a hannunka. Longji ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon 'ya'yansa. Ranar jana'izarka yana tsaye bayan sahu, yana kuka.

Abin da ke ci mini rai shi ne naka jirgin. Ka tsinto shi a ruɓe, ka ajiye a bayan gida, ka yi wa matarka Hajiya Fourera alkawarin kai ta ta ga teku, ita da ba ta taɓa gani ba. Amma kowace Asabar sai wani ya kira, ka ce, "Nawa zai jira." Ka gama ɗaure wayoyinsa bana, kafin azumi. Bai taɓa ruwa ba. An yi wa Hajiya maganar sayar da shi, ta ce a bar mata shi inda ka bar shi.

Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka tsare rayukan bayinSa, Ya tsare ka daga azaba. Hajiya Fourera da 'yan'uwa na Gaya, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.