Goron da Na Ci a Kan Buhun Wani

Wake ba ya zama lafiya sai an toshe masa iska. Tun ina ƴar ƙarama nake ganin ana yi, a ƙauyenmu kusa da Attantane, lokacin ina hannun goggona, amma sai da na yi furfura na san dalili.

Goggona tana da hanyar ajiye wake wadda duk karkararmu ba mai irinta. Toka ce da rairayi, wannan kowa ya sani. Ita kuwa ta san tokar wane icce, ta san rairayin wane kwari, ta san hannu nawa na wake ake zubawa kafin a yayyafa hannu guda na toka. In randa ta cika sai ta liƙe bakin da yumɓu, tana shafawa a hankali kamar mai shafa kan jinjiri. Randarta takan kai faɗuwar ruwa ba a ji motsin ƙwaro ba. Macen da ke son koyo goro take ƙullowa a bakin zane, ta zo ta durƙusa. Goggo ta nuna mata komi, sannan ta ce, "Na ba ki, na yafe miki." Sai an faɗi wannan abin yake zama nata. Wadda ta leƙa ta darni ta ɗauka da ido kuwa, ana cewa wakenta gari yake zama, kuma haƙƙi na bisa wuyanta.

"Sani ma da mai shi," haka goggo take cewa. A kan wannan na tashi.

Kwana ya yi ta tafiya. Aka kai ni ɗakin miji a wani gari bisa hanyar Mayahi, na haifi tara, ƙasa ta karɓi uku. Goggo ta rasu. Masu ginin randa suka yi ƙaranci, mutane suka koma zuba wani farin magani cikin buhu, wanda in ka buɗe sai kanka ya sara.

Wata ranar kasuwar Mayahi na tarar da taro. Wani mutum ya hau amalanke yana nuna buhu mai ciki uku, leda cikin leda, su kuma cikin buhu. Ya zuba wake, ya danne har iska ta fita, ya murɗe wuyan ledar farko ya lanƙwasa ya ɗaure, ya yi wa ta biyu haka, sannan ya ɗaure buhun. Yana cewa, "Ƙwaro numfashi yake kamar ni da ku. Hana shi iska, shi zai kashe kansa." Na tsaya rana na dukan ƙeyata, ban ji ta ba. Hannuwansa kaɗai nake kallo, suna murɗawa, suna lanƙwasawa. Abin da ke bakin zanena na gishiri ne da kanwa, don haka ban saya ba. Na dawo gida da buhun nan cikin idona.

Na roƙi mai kanti ledojin da ke cikin buhun sukari, masu kauri. Na wanke su na shanya. Kowace sai na hura ta ta kumbura, in kara a kumatu in ji ko tana huci. Na zaɓi biyu masu lafiya, na sa cikin tsohon buhu, na yi yadda na ga an yi. Da bazara ta yi tsakiya na kwance buhun. Waken nan fari tas, yana zuba cikin ƙwarya da ƙara irin ta tsakuwa.

Wadda ta fara gani taubashiyata ce, ɗiyar kawuna, da ta yi aure a Issawane ta dawo kusa da ni bayan rasuwar mijinta. Tun muna yara ba ta bar ni na sha ruwa lafiya ba. Ta damƙi waken ta sake damƙa, ta ce, "Ke baiwata, wane aljani ya ba ki wannan?" Washegari sai ga ta da goro biyar a bakin zane, tana durƙuso tana dariya. Na karɓa. Na nuna mata hurin leda da murɗin wuya. Sai na ji bakina ya ce, "Na ba ki, na yafe miki."

Bayanta mata suka yi ta zuwa, na unguwarmu da na tungayen makiyaya. Kowace da goronta, kowace na faɗa mata wannan kalma. Har aka riƙa cewa ɗaurin tsohuwa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. In na zauna suna kewaye da ni sai in ga kamar goggo ce ta dawo ta shiga jikina. Kaka bakwai muka yi a haka.

Autana yana aiki a wata babbar mangaza, ɗakin ajiya da sayar da kaya, a Tessaoua, magidanci ne da ƴaƴa huɗu. Wata kaka ya zo mini da tsarabar buhunan nan na gaske, sababbi. Ya leƙa ɗakin ajiya ya ga nawa a jere, ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Inna, ashe kamfani kika buɗe ba mu sani ba? Bari mai abu ya ji."

Na ce, "Wane mai abu?"

Ya shimfiɗa sabon buhu a cinya, ya ɗora yatsa kan wani ƙaramin rubutu. Ya ce wanda ya fara tunanin wannan ɗinki ya kai shi biron hukuma, an rubuta masa takarda cewa nasa ne, ba mai yin irinsa sai da izninsa. Ya ce abubuwa da yawa a mangazarsu haka suke, har ƙarfen da ake ɗaga kaya da shi.

"To ni ya ba ni?"

"Inna, ya ma san kina duniya?"

Shi wasa yake. Ya ci tuwonsa ya hau babur ya tafi. Ni kuwa goron da ke bakina ya koma ɗaci, na tofar. Da a ce don kaina kaɗai na ɗauka, da sauƙi. Amma na ba da abin da ba nawa ba, na yafe abin da ba ni da ikon yafewa, na kuma ci goro a kai. Ga shi shekaruna sun yi nisa, likkafanina ma yana cikin akwati.

Kwanakin nan in rana ta take sai in zauna gindin gawo, ido rabi a rufe, in riƙa ganin mai abin. Wani lokaci tsoho ne mai gemu, zaune cikin ɗaki mai sanyi, ya tara ƙwari a kwalba yana sauraren numfashinsu. Wani lokaci mace ce sa'ata, a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, wakenta ya yi ta lalacewa har ta gaji ta zauna tunani. Nakan ga na iso ƙofar gidan, na cire takalmi, na yi sallama. Sai in buɗe baki, akuya ta yi kuka, in farka ga gawo, ga ni.

Taubashiyata da ta ji, ta tafa hannu. "Ɓarauniya da furfura! Ni dai ki amayo mini gorona." Da ta ga ban rama ba sai ta zauna kusa da ni. Can ta ce, "To ki je mana ki roƙe shi. Ai ba a sama yake ba."

Na shiga mota zuwa Tessaoua. Ban taɓa ganin ɗaki irin mangazar nan ba. Buhuna bisa katako, jeri bayan jeri, sun tashi har kusa da kwano, haske na saukowa ta ƴan tagogi a tsaye kamar zare. Shiru ko'ina, sai ƙamshin hatsi. Na ji kamar na shiga cikin rumbun da ake ba yara labari, wanda ba a ganin gindinsa. Autana, kunya ta kama shi, ya kai ni wurin maigidansa, wani dattijo mai tabarau. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage ba.

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Hajiya, tashi ki zauna. Takardar nan, a iya sanina, an yi ta ne saboda masu injin da za su buga dubbai su kai kasuwa. Ba wanda zai bi tsohuwa da ledar sukari."

Na ce, "Alhaji, ba kamu nake tsoro ba. Kai ke sayar da buhunan nan. Ka ce ka yafe mini."

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "Da nawa ne, wallahi da na faɗa tun kafin ki rufe baki. Ni sarowa nake daga Maraɗi, na Maraɗi daga wani wuri. Mai abin ban san fuskarsa ba. Wataƙila ma ba mutum guda ba ne. In na ce na yafe, na yi abin da kika yi ke nan."

Gaskiyarsa. Na yi godiya na fito.

A mota ina kallon gonaki suna gudu baya, karan hatsi a kwance, na gane cewa ƙofar mutumin nan ba zan same ta ba. Amma ƙofofin da na kai ƙarya duk na san su.

Da safe na ɗauki sanda. Gida gida na bi, har tungayen makiyaya, kwana uku ina yi. Kowace na ce mata, "Abin da na ce na ba ki, ba nawa ba ne. Da ido na ɗauko shi a kasuwar Mayahi. Da mai shi, yana wani wuri. In za ki ɗaure buhu, ki yi masa addu'a." Wasu suka ce haba Inna, mine ne a ciki. Wata ta ɓata rai, ta ce ashe shekara bakwai ana yi mini durƙuson banza. Na ce haka ne. Daga ranar ba a sake cewa ɗaurin tsohuwa ba, ba a kuma sake taruwa a tsakar gidana ba. Ya yi mini zafi fiye da yadda na zata.

Gidan ƙarshe na taubashiyata ne. Na same ta tana danne buhu da gwiwa. Na fara jawabina, ta katse ni.

"Na ji, na ji, duk gari ya ji. To addu'ar mi zan yi masa? In ce Allah ya jiƙansa, in yana raye fa?"

Na ce, "Ki ce Allah ya ba shi abin da yake nema."

"In kuma ke yake nema?"

"To Allah ya ba shi."

Ta dube ni, ta bar wasan. Ta murɗe wuyan leda, ta lanƙwasa, leɓunanta suna motsi. Ni na riƙe mata igiya.