Tuwon da Ticha ya ture

"Share hawayenki, mai bi ba ya kuka."

Haka na ji wani dattijon coci ya ce wa wata matashiya jiya a wajen jana'iza. Raina ya ɓaci, don ni ma an taɓa yi mini.

Lokacin Gana ba ta daɗe da samun 'yanci ba, mu kaɗai ne Kirista a gidan hayarmu a Zongon Kumasi. Ƙyanda ta kashe ɗana na fari. Kwana uku ban hura wuta ba, maƙwabta ke ciyar da mu kamar yadda ake yi wa kowa. Maƙwabciyarmu Mma Adiza ta kawo tuwo da miyar ayoyo, ta zauna kusa da ni.

Sai ga Ticha, mai wa'azin cocinmu. Ya ture kwanon da tsinin lemarsa.

"Abincin sadaka ne wannan, ba namu ba. Kuma ki daina kuka a gaban Musulmi. Allah na gwada ki, kina faɗuwa."

Na ce, "Baba, ba kai ka koya mana Yesu ya yi kuka a kabarin abokinsa ba? Shi ma faɗuwa ya yi?"

Na jawo kwanon, na ci a gabansa ina kuka.

Ban bar coci ba, amma lemar nan har yau tana ƙona mini rai.

Ku da ke zuwa ta'aziyya, me kuke kai wa mutane?